Injiniya Ya Zaɓa wa Ƙanwarsa Mota

A duk layin babu wanda ya san mota kamar Injiniya, in dai shi ka tambaya. Mai aski ne. Shagonsa yana kallon ƙofar tashar mota, shekara goma sha tara direbobi suna zama a kujerarsa suna hirar giya da birki da baƙin mai, shi kuwa yana aski yana kwashewa. Abin da direban safe ya faɗa shi zai sayar wa direban yamma, ya ƙara gishiri, ya ce shi ya gano da kansa. Direbobin ne suka laƙaba masa Injiniya don tsokana. Ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta masa da jan fenti a saman ƙofar shago. Abu ɗaya ne kowa ya sani amma ba a faɗa a gabansa: tun da aka haife shi bai taɓa riƙe sitiyari mota tana tafiya ba.

Ƙanwarsa nas ce. An yi mata canjin wurin aiki zuwa wani ƙaramin asibiti can bayan gari, inda motar haya ba ta leƙawa sai rana ta take, alhali ƙarfe bakwai ake karɓar aiki. Sau biyu ana ba ta takardar gargaɗi a kan makara, kuma shugabarsu ta gaya mata ido da ido cewa ta ukun ita ce ta sallama. Wata abokiyar aikinta ce ke rage mata hanya, ita ma daga ranar Litinin za ta tafi hutun haihuwa. Shekara huɗu Nas tana tari, ta hana kanta ko sabon takalmi, ta koyi tuƙi, ta karɓi lasisi. Mota kawai ta rage, kuma dole ta samu kafin Litinin.

Ranar Alhamis da yamma ta leƙo shagon.

"Yaya, na sami mota."

Kilifa ta tsaya cak a tsakiyar kan wani direba.

"Kin sami me?"

"Mota. Baba Bakanike ne ya samo mini. Ƙarama ce, ta wani malamin makaranta da ya yi ritaya. Ya ce ba ta shan mai, kuma kayan gyaranta ko'ina akwai."

"Ina raye?" Injiniya ya dafe ƙirji da hannun da ke riƙe da buroshi. "Ina raye, ina numfashi a garin nan, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ta je neman shawara wajen mai kwanciya a ƙarƙashin mota? Me kike so mutane su ce?"

"Su ce ka ƙarasa mini askina," in ji direban.

"Kai, yi shiru, maganar gida muke yi." Ya juyo gare ta. "Ki bar mini komai. Da wannan kuɗin naki zan samo miki motar da in kika shiga asibitin nan, shugabar taku da kanta za ta fito ta buɗe miki ƙofa."

"Ni wadda za ta kai ni ƙarfe bakwai nake so, Yaya."

"Ƙarfe shida ma za ta kai ki."

Nas ta san halin yayanta sarai. Amma tun da mahaifinsu ya rasu, da wannan kilifar ya yi mata makaranta har ta gama, bai taɓa goranta mata ba ko sau ɗaya. Ba ta iya kallon idonsa ta ce a'a. Iyakar abin da ta roƙa shi ne ya je ya ga ƙaramar motar tukuna.

Washegari suka je garejin. Baba Bakanike tsoho ne mai tsadar magana, hannunsa ya rine da baƙin mai tun kafin a haifi Injiniya. Ya nuna musu motar da haɓa. Fara ce, guntuwa, fentin ya ɗan koɗe a saman rufi. Injiniya ya goya hannu a baya ya zagaye ta sau biyu, ya kai wa taya shuri, ya ji zafi har ƙwaƙwalwa, ya shanye.

"Wannan ai kwalin ashana ne aka sa wa taya."

"Shekara tara ni nake duba ta," in ji Baba. "Ba ta taɓa kwana a hanya ba."

"Ina za ta kwana a hanya? Malamin makaranta ina yake zuwa?"

Ya sunkuya ya manna kunne a bonet, ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa ɗaya don kowa ya yi shiru. Can ya miƙe yana girgiza kai.

"Kamar yadda na zata. Injin yana ƙwanƙwasa."

"Ai ba a tayar da ita ba."

"Shi ya sa na ce maka matsalar babba ce, Baba. Tun ba a tayar ba ana ji."

Baba ya dube shi, sannan ya dubi Nas da tausayi. Ya yago takarda daga wani tsohon littafi, ya rubuta abubuwa bakwai, ya miƙa mata.

"'Yata, kowace za ku saya, a duba waɗannan. In an kawo mini ita kafin a biya, ya fi. Wannan kuma zan riƙe miki ita zuwa gobe ƙarfe biyun rana. Akwai mai jira, ba zan iya hana shi ba bayan nan."

Ranar Asabar Nas tana da aiki. Da sassafe ta biyo ta gidan yayan, ta damƙa masa kuɗin a jakar hannu, ta ɗora takardar a kai.

"Yaya, don Allah, takardar."

"Na ji."

"In ba ka sami wadda ta fi ba, ka koma wajen Baba kafin biyu."

"Na ce na ji. Tafi ki yi wa mutane allura."

Matarsa tana bakin ƙofar kicin da kofin shayi a hannu. Ta ce, "Ka tafi da Baba Bakanike mana. Me zai rage maka?"

"Kin taɓa ganin mai aski ya ɗauki wani ya riƙe masa almakashi?"

"A'a. Na dai taɓa ganin mai aski ya gyara fanka, muka kwana uku ba wuta."

Ya sa rigarsa ta fita, ya fesa turaren shago, ya bi gidajen lungun ɗaya bayan ɗaya yana sanar da maƙwabta cewa kada kowa ya yi nisa, da rana zai shigo da mota.

Filin dillalan yana da faɗi, motoci jere-jere, kowace ta ba ƙofa baya hancinta a jikin katanga. Guda ɗaya ce tak ta juyo tana kallon ƙofar fita: baƙa, doguwa, mai faɗi, irin mai ƙofar baya da ake ɗagawa sama, tana ƙyalli. Wani zai tambayi kansa me ya sa ita kaɗai aka faka haka. Injiniya bai ɓata lokaci ba, nan take ya gane cewa mota mai daraja ce ake sakawa a gaba.

Dillali ya taso daga inuwa yana murmushi. Kallo ɗaya ya yi wa rigar da jakar hannun ya gama karance baƙon nasa.

"Ranka ya daɗe, daga tafiyarka na san ka san mota. Wasu in sun shigo sai su yi ta zagaye. Kai kuwa kai tsaye ka nufi uwar ɗakinsu."

"Injiniya ake ce mini."

"Ai ya nuna."

Aka fara gwaji. Injiniya ya shiga ya shinshina kujera. Ya danna hon sau uku, ya ce muryarta ta manya ce. Ya kunna rediyo. Ya gyara madubi ya duba gashin bakinsa. Sai Dillali ya danna wani maɓalli, kujerar ta kwanta da shi a hankali har yana kallon rufi. Nan hankalinsa ya tafi. Shekara goma sha tara yana fama da kujerar aski da sai an taka ta da ƙafa an doke ta da gwiwa, ga wata tana kwanciya da yatsa ɗaya.

"Bari in duba mai," ya ce, don kada a ce ya yi sauri.

Dillali ya ɗaga bonet, ya nuna masa sandar awon man da gefen ido ba tare da ya nuna cewa nunawa yake yi ba. Injiniya ya zaro ta. Ya tuna direbobi suna cewa sai an goge a sake tsomawa. Ya laluba aljihu neman tsumma, hannunsa ya ci karo da takarda, ya goge sandar tas da ita gaba da baya, ya cusa ta aljihu. Abubuwa bakwai na Baba Bakanike sun yi amfaninsu ke nan.

"A zaga da ita," ya ce. "Kai ka tuƙa. Ni kunne nake sa wa mota, in ina tuƙi ba na jin injin da kyau."

"Haka manya suke yi," in ji Dillali.

Suka fita suka bi babban titi, suka zaga shataletale, suka dawo. Tafiya kam ba laifi, sumul. A dawowa Dillali ya ɗan wuce ƙofar filin da taku biyar. Maimakon ya ja da baya, sai ya miƙe ya sake zaga unguwar gaba ɗaya.

"Don ka ƙara jin daɗinta," ya ce.

Injiniya ya yaba da wannan karamci.

Da aka zo ciniki ya taya da rabin abin da aka faɗa, yana jiran a yi masa dariya. Dillali ya dafe kai, ya ce an kashe shi, ya yi rantsuwa cewa 'ya'yansa ba su ci ba, sannan ya sallama tun kafin Injiniya ya gama gyara tsayuwa. Kuɗin bai ma kai na ƙaramar farar motar ba. Injiniya ya ji kansa ya kumbura. Mota uku a ɗaya, a ƙasa da kuɗin kwalin ashana! Ya sa hannu a takarda inda aka nuna masa, Dillali yana cewa a hankali, kamar mai gaisuwa, "Ka san ƙa'idarmu, in an saya an saya."

Dillalin da kansa ya tuƙo ta har bakin lungu. Motar irin mai canja giya da kanta ce, don haka ya nuna masa: wannan birki, wannan totur, nan tsayawa, nan tafiya. Akwai wani gurbi tsakanin tsayawa da tafiya da yatsansa ya tsallake. Ya miƙa makulli, ya tsayar da babur ɗin haya, ya ɓace tun Injiniya bai gama godiya ba.

Lungun nasu ba ya ɓullewa. Bakinsa da faɗi, amma yana tafiya yana tsukewa kamar mazurari, har ya ƙare a ƙofar gidan Mai Wanki. Gidan Injiniya shi ne na huɗu a hannun dama. Maƙwabta duk sun fito kamar yadda aka umarce su: Mai Shago a kan bencinsa, Tela da tef a wuya, matan gidaje a bakin ƙofofi, matarsa ta harɗe hannu.

Ya zauna a kujerar direba, karo na farko a rayuwarsa. Ido ya yi yawa, ba damar fasawa. Ya ja giya zuwa tafiya, ya ɗaga ƙafa, sai ga mota ta motsa da kanta. Ashe abin ba wuya! Ya danna hon. Ya sauke gilashi ya fito da hannu yana ɗaga wa jama'a, dama da hagu. Yana cikin amsa gaisuwar Mai Shago ya wuce ƙofar gidansa.

"Ka wuce!" in ji matarsa.

Ya nemi birki, ƙafarsa ta sami totur.

Motar ta yi wani gurnani ta zabura. Ta kwashi igiyar shanyar wata maƙwabciya da zannuwan gado biyu, ta take bokiti, madubin dama ya tafi da katangar dama, na hagu ya bi sahu. Allah ya taimake shi ɗaya ƙafar ta faɗa kan birki. Ta tsaya da hancinta a bakin ƙofar Mai Wanki, katanga ta rungume ta ta kowane gefe.

Sai ga muryar Injiniya daga ƙarƙashin zanen gado.

"Na ga kun tsorata. Gwajin birki na yi."

"To ya ci jarrabawa," in ji Tela. "Dawo da ita mu gani."

Ya lalubi gurbin nan da Dillali ya tsallake, ya ja giya ya saka. Ya taka totur. Injin ya yi kuka, hayaƙi ya turnuƙe lungu, mota ko gezau. Ya ƙara takawa. Ta ƙara kuka, tana nan inda take.

"Sai ta yi zafi," ya yi bayani da ƙarfi. "Irin waɗannan manyan, ribas ɗinsu sai ya yi zafi."

Ya sake jan giyar, wannan karon ta zarce zuwa tafiya, motar ta yi tsalle ɗaya ta daki ƙofar Mai Wanki. Ƙofar ta buɗe ciki da ƙara. Mai Wanki ya bayyana da ƙullin gogaggun kaya a ka, ya tarar da fitilun mota biyu suna kallonsa a inda ya saba ganin hanya.

"Wannan kuma mene ne?"

"Mota ce," in ji Injiniya.

"Na ga mota ce! Me take nema a gidana? Ƙarfe huɗu zan kai wa mutane kayansu!"

"Ka yi haƙuri minti biyu, ana daidaita ta ne."

Minti biyu suka zama ashirin. Mai Wanki ya gaji, ya taka bonet, ya hau rufi da ƙullinsa, rufin ya yi ƙara ya loma a daidai kan Injiniya, ya sauko ta baya yana zage-zage. Bayansa matarsa ta biyo da kwandon cefane, ita ma ta rufin. Sai surukarsa, tsohuwa, ta leƙo ta ce ita ba za ta hau mota da ƙafa ba, a ɗauke mata wannan abin daga ƙofa ko ta tsine wa mai shi.

Injiniya ya ga gara ya fito ya jagoranci aikin daga waje. Ya tura ƙofar dama, ta buɗe faɗin yatsa uku ta daki katanga. Ta hagu ko haka ba ta yi ba. Zafi ya fara dafa shi, turaren shago ya haɗu da gumi.

"A ɗaga ƙofar baya," ya ce, muryar ta ɗan ragu.

Mai Shago ya ɗaga. Injiniya ya haura kujerar gaba, ya haura ta tsakiya, wurin ya ƙi ba shi damar juyawa, dole ya fito da baya-baya a kan gwiwoyi, ɗuwawu ne ya fara gaisawa da jama'a. Wandon ya kama wani ƙarfe ya ce ƙeee.

"Alhamdu lillahi," in ji Tela. "Ribas ya yi zafi, ga shi ya fara aiki."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe katanga. Injiniya ya miƙe, ya ja riga ya rufe ɓarnar, ya tafa hannu.

"A kawo igiya. Ƙaramin abu ne. Mu a harkar mota kullum muna ganin irinsa."

Mai Shago ya kawo igiyar da yake ɗaure buhuna. Injiniya ya ɗaura ta a bambar baya da kansa, ya jera maza goma, ya koma gefe yana ba da umarni. Bai tuna cewa ya bar giyar a tsayawa ba, kuma ko ya tuna bai san hakan yana da wata ma'ana ba.

"Ɗaya! Biyu! Uku! Ku ja!"

Suka ja. Mota ta ƙi. Suka ƙara ja da ƙarfin zuciya. Bamba ta amsa kira ita kaɗai, maza goma suka zube a kan juna, uku daga ciki a kwata. Mai Shago ya miƙe yana ɗigar da baƙin ruwa, ya ce in aka sake kiran sunansa a wannan aikin sai an ji kansu.

A daidai nan Nas ta shigo lungun da fararen kayan aikinta, Baba Bakanike yana biye da ita a hankali. Matar Injiniya ce ta buga musu waya tun lokacin da madubai suka tafi. Nas ta tsaya. Ta dubi bambar a ƙasa, ta dubi rufin da ya loma, ta dubi yayanta.

Baba bai ma ƙarasa ba. Daga nesa ya ce, "Au. Ita ce."

"Ka san ta, Baba?" in ji Nas.

"Sau uku ana kawo mini ita, mutum uku daban-daban. Ba ta da ribas. Sai an sake akwatin giyar gaba ɗaya, kuɗinsa kuwa ya kusa sayen wata motar. Duk wanda ya ji sai ya mayar wa dillalai da asara." Ya juyo. "Gwada ribas shi ne na huɗu a takardar da na rubuta. Ina takardar?"

Injiniya ya sa hannu a aljihu da ƙwarin gwiwa, ya zaro ta, ya warware. Baƙa ƙirin, tana naso.

"Na yi amfani da ita," ya ce.

"Ai mun gani," in ji matarsa.

Tela ya matso yana share hawayen dariya. "Tsakani da Allah, Injiniya. Kai da ba ka karɓar kuɗin aski sai ka ɗauko madubi ka nuna wa mutum ƙeyarsa. Ka sayi mota sukutum ba ka ce a ja ta baya ko taku ɗaya ba?"

"Dillalin zai karɓi abarsa. Mutumina ne. Yanzu zan kira shi."

Ya kira. Wayar a kashe. Ya sake kira, yana kara ta a kunne yana gyaɗa kai kamar ana magana, har Mai Wanki ya ce masa kowa yana jin muryar matar kamfanin waya.

"Baba," in ji Nas a hankali, "farar fa?"

"Na jira har biyu da rabi, 'yata. An tafi da ita."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi, da ya sami abin cewa. Ta dube shi kawai ta ce, "Shekara huɗu, Yaya."

Kunya ta rufe Injiniya, irin wadda bai taɓa ji ba, da tausayin yarinyar da shi ya raine ta. Sai yanzu ya lura da takalmin da ke ƙafarta, an ɗinke shi a gefe har sau biyu.

Nas ta miƙa wa matar yayan jakarta, ta tattare farin siket, ta rarrafa ta ƙofar baya har kujerar direba. Baba ya ce ta sa giyar a firi don motar ta turu. Maza biyar suka haura ta rufi zuwa zauren Mai Wanki suka tura daga gaba, tana riƙe da sitiyari, motar ta fito sumul har bakin lungu. Tsohuwa ta fito ta wuce tana tofar da yawu.

Baba ya saurari injin, ya leƙa ƙasa, ya goge hannu.

"Gaskiya gaba tana tafiya lafiya lau. Za ta kai ki aiki. Sai dai duk inda za ki juya, ko hanya ta toshe, sai an sami mai turawa."

Lungun gaba ɗaya ya juya ya kalli mutum ɗaya.

Ranar Litinin ƙarfe shida da kwata suka tashi, Nas a sitiyari, Injiniya a gefe da wani tsohon wando. Ya tsara mata hanyar da babu juyi ko ɗaya, ya rantse ya auna ta a kansa. Hanyar ta bi ta gaban tasha. A nan wata babbar motar kaya ta mutu ta gicciye titi, kuma babu ta inda za a ratse.

"Yaya, sauka."

"Bari mu ɗan jira. Daga jin ƙararta, yanzu za ta tashi."

"A kashe take. Shida da rabi ta yi. Sauka."

Ya sauka. A gaban shagonsa, a ƙarƙashin jan fentin da ke ɗauke da sunansa, ya dafa bonet da hannu biyu ya fara tura ta baya. Direbobi suna shan shayin safe a bakin tasha. Ɗaya ya gane shi, ya miƙe da kofi a hannu.

"Jama'a, ku zo ku ga Injiniya a bakin aiki!"

Suka yo dafifi. Babu wanda ya sa hannu, amma shawara kam ya samu.

"Sa mata lamba biyu, Injiniya!"

"Saurari injin, ko yana ƙwanƙwasa!"

"Wannan sabuwar fasaha ce, ko? Direba a ciki, giya a waje?"

"Motsa jiki nake yi," ya ce yana haki. Silifas ɗinsa ya zame, ya sha ƙasa da gwiwa, ya miƙe ya ci gaba. Sai da ya tura ta tsawon gida shida kafin ta sami kwanar da za ta shiga. Ya faɗa kujera jiƙe sharkaf, bai ƙara tsara wa kowa hanya ba.

Bakwai saura minti huɗu suka shiga ƙofar asibitin. Maigadi ya nuna musu gurbi ɗaya da ya rage, matsattse, tsakanin motoci biyu, hanci a katanga.

"Malam, babu wani wuri mai ɓullewa?" in ji Injiniya. "Ka ga irin wannan motar..."

Nas ta riga ta shige. Ta kashe mota, ta ɗauki jaka, ta fita da gudu. Ya hango ta ta taga tana sa hannu a littafin zuwa aiki, shugabar tana duban agogo, sannan ta gyaɗa kai ta wuce. Sai a lokacin hankalinsa ya kwanta.

Ta sake leƙowa daga baranda.

"Yaya, ƙarfe huɗu nake tashi. Ka sa takalmin da ba ya santsi."

"To ni yanzu da me zan koma?"

"Motar haya tana zuwa wajen ƙarfe tara, in ta ga dama. Ga benci can."

Ya je ya zauna. Titin fayau, ko keke babu. Maigadin ya zagaya motar yana shafa ƙyallinta, ya dawo ya zauna kusa da shi.

"Kai, amma kun more mota. Yaya take a hanya?"

Injiniya ya gyara zama, ya ja numfashi kamar zai fara dogon bayani. Sai ya dubi tafin hannunsa da suka yi jawur, da gwiwar wandon da ta huje.

"Tana da nauyi," ya ce.